Yadda Scottie Scheffler ya dace da sandar da ta yi daidai da bugunsa

A watan Yunin 2023, a gasar Memorial da ake yi a filin Muirfield Village na jihar Ohio a Amurka, Scottie Scheffler ya yi wasan da ya bar masu lissafin golf da riƙe baki. Daga wurin tashi zuwa girin, wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawar nan mai santsi da ke kewaye da rami, ya zarce matsakaicin abokan karawarsa da bugu sama da 20 a kwana huɗu, tazarar da ba kasafai ake ganin irinta ba. Amma duk lokacin da ƙwallo ta hau girin, ya zaro fota, sandar da ake gara ƙwallo cikin rami da ita, sai ya riƙa zubar da abin da ya tara. Bugu sama da 8 ya yi asara a nan kaɗai. Ya ƙare na uku, bugu ɗaya tak ya hana shi shiga zagayen raba gardama da Viktor Hovland ya doke Denny McCarthy a ciki. Da ya gara ƙwallo kamar kowane matsakaicin ɗan wasa a makon, da kofin nasa ne da tazarar bugu bakwai ko kusa da haka.

Wannan ba tuntuɓen mako ɗaya ba ne. Haka kakar ta kasance masa. Tun 2011 hukumar PGA Tour, mai shirya gasannin ƙwararru a Amurka, take amfani da wani lissafi da Mark Broadie na Jami'ar Columbia ya tsara, wanda ke gwada kowane bugu da abin da matsakaicin ƙwararre zai yi daga wuri ɗaya. A kakar 2022 zuwa 2023, Scheffler ne na ɗaya daga wurin tashi zuwa girin, a wajen garawa kuwa shi ne na 162. Ya ci gasar Phoenix a Fabrairu, ya ci Players a Maris, daga nan kofunan hukumar suka ƙaurace masa har shekara ta zagayo, alhali kusan kowane mako sunansa yana cikin na sama-sama.

Abin da ya sa lamarinsa ya cancanci a zauna a kansa shi ne, labarin da ya yaɗu daga baya gajere ne ƙwarai: ya canza fota, ya fara cin kofuna. Mutane da yawa sun ji haka, suka garzaya suka sayi irin tasa. Abin da ya faru a zahiri ya fi haka tsawo, kuma darasin zaɓen fota yana cikin ɓangaren da aka tsallake.

Sandar da ya taso da ita

Scheffler, wanda aka haifa a 1996 a New Jersey, ya girma a Dallas ta jihar Texas a hannun kocinsa Randy Smith, ɗan gidan fota mai siririn kai ne. Wannan samfuri ya samo asali daga Anser, wadda Karsten Solheim, injiniya haifaffen Norway kuma mai kamfanin Ping, ya ƙera a 1966. Dabarar Solheim ita ce ya rarake bayan kan sandar, ya tura nauyin zuwa hanci da dunduniya, domin ko ƙwallo ba ta sami tsakiyar fuska ba, kan ba zai murɗe sosai ba. Ya kuma yi mata wuya mai lanƙwasa biyu, wanda ke sa ƙota ta ɗan riga fuska gaba. Kusan duk wata siririyar fota da ake gani yau jikanyar Anser ce, har da Newport 2 ta maƙerin fota Scotty Cameron da Tiger Woods ya ci 14 daga cikin manyan gasanninsa 15 da ita.

Da irin wannan samfuri na Scotty Cameron Scheffler ya ci Masters ta 2022. A ramin ƙarshe sai da ya gara sau huɗu kafin ƙwallo ta faɗa, amma tazarar da ya bayar ta isa, ya ci da bugu uku. A lokacin kowa ya ɗauke shi a matsayin rawar jikin mai shirin sa koriyar rigar da ake ba zakaran Masters karon farko.

Kafin a ci gaba da labarinsa, akwai abubuwa biyu da suka shafi ƙirar fota da sai an fahimce su sannan sauran zai zauna.

Na farko shi ne fuska. Rami faɗinsa inci 4.25 ne kawai, kuma gwaje-gwaje sun nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na inda ƙwallo za ta nufa ya dogara ne ga inda fuskar sanda take kallo a daidai lokacin da ta taɓa ta. Hanyar da kan ya biyo tana da tasiri, amma kaɗan ne. Karkacewar digiri ɗaya ta isa ta sa ƙwallo ta goge bakin rami ta wuce daga nisan ƙafa goma. Daga ƙafa takwas, su kansu ƙwararrun PGA Tour kusan rabi suke jefawa. Saboda haka duk maganar zaɓen fota tana komawa ga tambaya ɗaya: wace sanda ce ke dawo da fuska daidai a hannun wannan mutum, ba tare da ya yi kokawa da ita ba?

Na biyu shi ne rinjayen hanci. Ɗora ƙotar fota a kan yatsa, ka nemi inda ta daidaita, ka dubi kan. Idan fuskar ta kalli sama sak, sandar daidaitacciyar fuska ce, ba ta son buɗewa da rufewa. Idan hancin ya sunkuya ƙasa, tana da rinjayen hanci, kuma gwargwadon sunkuyawarsa gwargwadon yadda take son ta buɗe in an ja ta baya, ta rufe in an tura ta gaba. Abin da ke haifar da wannan bambanci shi ne wuya, wato inda layin ƙota ya nufa idan aka miƙe shi zuwa cikin kan. Girman kan ba shi ne ke yanke hukunci ba. Su ma masu wasa haka suke: wani yana jan sanda kusan a miƙe baya da gaba, wani kuma lilonsa yana zana ɗan baka, wani bakan nasa ya fi lanƙwasa. A 2011 Ping ta fitar da wata manhajar waya mai suna iPing da ke raba mutane gida uku a kan haka, kuma har yanzu masu gwada wa mutane sanda daga nan suke farawa: mai miƙaƙƙen lilo a ba shi daidaitacciyar fuska, mai baka a ba shi mai rinjayen hanci. Mafari ce, ba doka ba, don akwai gwanaye da suka saɓa mata suka zauna lafiya. Amma a lamarin Scheffler ta yi aiki.

Wata bakwai na lalube

Ya fara ne inda kowa ke farawa, wato da zargin sanda. A Agustan 2023, a gasar FedEx St. Jude da ke Memphis, ya fito da wata fota mai faffaɗan kai ta gwaji daga kamfanin TaylorMade, samfurin Spider. Ba ta warkar da komai ba, bai daɗe ba ya koma ga siririn kai. Wannan ya kamata a riƙe shi da kyau, domin daga dangin sandar nan ne wadda za ta yi masa aiki bayan wata bakwai za ta fito. A Agusta ba ta yi ba saboda ciwon yana hannunsa, ba a kan sandar yake ba.

Da aka kammala Tour Championship a ƙarshen watan, sai ya nemi Phil Kenyon, Baturen Ingila wanda aikinsa kawai koyar da garawa, kuma ya yi aiki da irin su Justin Rose, Henrik Stenson, Tommy Fleetwood da Matt Fitzpatrick. Kenyon ya je Dallas. Abin da suka gano, Scheffler da kansa ya bayyana wa 'yan jarida kafin gasar Ryder Cup a Rum, wadda tawagar Amurka da ta Turai ke karawa a cikinta. Hancin sandarsa yana ɗagawa sama yayin da yake turawa, sai ƙwallo ta riƙa samun ɓangaren dunduniya maimakon tsakiya. Shi kuma don ya hana hakan, sai yake saukar da hannuwansa ƙasa. Ashe saukar da hannun ne ke ƙara ɗaga hancin. Wata da watanni yana shan maganin da ke ƙara masa ciwo, kuma da ƙwazo yake sha, don babu wanda ya taɓa zarginsa da ƙiwar atisaye.

Wannan wuri ya fi taɓa ni a duk labarin. Mutum ne da ya fi kowa iya dukan ƙwallo a duniya, yana da koci tun yana yaro, yana da mai ɗaukar jaka gogagge irin Ted Scott, duk da haka bai ga abin da hannunsa ke yi ba sai da wani ya zo daga waje ya nuna masa. Idan haka ta faru da shi, mai wasan ƙarshen mako da ke canza fota duk lokacin da ya gara sau uku a rami ɗaya yana da dalilin ya tsaya ya sa wani ya kalle shi tukuna.

Kenyon ya gyara masa tsayuwa, ya ɗaga hannuwan, ya sa masa mariƙi mai kauri domin sandar ta kwanta cikin tafin hannu maimakon yatsu, ta yadda ƙota da damatsa za su zama kamar layi ɗaya. Gyaran bai nuna kansa nan take ba. A filin Marco Simone, inda aka yi gasar Ryder Cup ɗin, Scheffler bai ci wasa ko ɗaya cikin huɗu ba, ya sha kashi biyu, ya yi kunnen doki biyu. Ranar Asabar shi da Brooks Koepka suka sha mummunan kaye a hannun Hovland da Ludvig Åberg, wasa ya ƙare tun a rami na 11 cikin 18, kyamara ta nuna shi yana hawaye. Turai ta ci 16.5 da 11.5.

A Disamba ya sake gwada wata siririya, wannan karon daga wani maƙeri mai ƙaramin kamfani, Logan Olson, ya kuma ci gasar Hero World Challenge a Bahamas da ita. Sai dai gasar ta mutum 20 ce, kuma ba ta cikin lissafin kofunan hukuma. Da sabuwar kaka ta shigo, tsohon ciwo ya dawo.

A Fabrairun 2024, lokacin gasar Genesis a filin Riviera na Los Angeles, an tambayi Rory McIlroy a talabijin game da halin da Scheffler ke ciki. McIlroy ya ce zai so ya ga ya gwada mai faffaɗan kai. Ya ba da misali da kansa: da siririya, yana jin sai bugunsa ya zama cikakke kafin ƙwallo ta tashi a kan layi, faffaɗar kuwa tana yi masa afuwar ƙananan kurakurai. Shi McIlroy ma Spider yake riƙewa, da ita ya ci Players a 2019. Maganar ta yi farin jini har aka mayar da ita tamkar ita ce silar komai, ko da yake, kamar yadda aka gani, Scheffler ya riga ya taɓa gwada irin sandar.

Abin da aka canza da abin da aka bari

Makonni uku bayan haka, a gasar Arnold Palmer da ke Bay Hill a Florida, ya fito da Spider Tour X mai tsawon inci 35.5. Kan faffaɗa ne, nauyinsa a warwatse zuwa gefe da baya, don haka idan ƙwallo ta sami hanci ko dunduniya, fuskar ba ta murɗewa sosai, ƙwallon kuma ba ta rasa gudu da yawa. Wannan ya yi daidai da matsalar da Kenyon ya gano ta dukan dunduniya.

Amma wuyan da aka sa mata shi ne irin na Anser, mai lanƙwasa biyu, wanda idonsa da hannunsa suka saba da shi tun yarinta. Faffaɗan kai na gargajiya yawanci daidaitacciyar fuska gare shi. Da an ba shi irin wannan, da an tilasta wa mai lilon baka ya riƙa jan sanda a miƙe, ko kuma ya riƙa murɗa fuskar da wuyan hannu don ta rufe a kan lokaci. Da wannan wuya kuwa, rinjayen hanci yana nan, sandar tana buɗewa tana rufewa kusan yadda siririyar take yi. Manomi na iya sake ruwan fartanya ya bar ƙotar da hannunsa ya sani, kuma kusan abin da aka yi wa Scheffler ke nan. A ganina nan ne zaɓin ya yi kyau, kuma nan ne masu kwaikwayo suka fi yin kuskure, don sun ga faɗin kai, ba su dubi wuya ba.

Akwai abu na uku, wanda shi Scheffler ya fi nanatawa: saiti. Da can yana zana layi a jikin ƙwallo, ya durƙusa ya daidaita shi da inda yake so ta bi, sannan ya tsaya ya daidaita sanda da layin. Da ya tsaya a kanta sai idonsa ya ga kamar layin ya karkace, shakka ta shiga, hannu ya ɗaure. Sabuwar sandar tana da farin zane mai faɗi da layi a samanta, wanda ya ishe shi saiti. Sai ya daina amfani da layin ƙwallo gaba ɗaya. Ya rage wa kansa aiki ɗaya da damuwa ɗaya a kowane bugu.

A wannan makon ya ci gasar da tazarar bugu biyar a kan Wyndham Clark, ya rufe da bugu 66 ranar Lahadi, kuma shi ne na biyar a lissafin garawa. Mako na gaba ya ci Players da 64 a ranar ƙarshe duk da ciwon wuya, ya zama na farko da ya kare wannan kambu a jere. A Afrilu ya ci Masters karo na biyu da bugu huɗu a kan Åberg. RBC Heritage, Memorial da Travelers suka biyo baya, sai zinaren Olamfik a Faris da 62 a zagayen ƙarshe, sai Tour Championship. Kofunan hukuma bakwai a shekara ɗaya, banda zinaren, abin da ba a gani ba tun Tiger Woods a 2007.

Sai dai a yi hattara da abin da alƙaluma suka faɗa. A ƙarshen kakar 2024 shi ne na 77 a garawa, wato ya ɗan haura matsakaici da kaɗan. Daga asarar kusan sulusin bugu a kowane zagaye ya koma ribar kusan kashi ɗaya cikin goma na bugu. Bambancin bai kai bugu biyu a gasa mai kwana huɗu ba. Sandar ba ta mayar da shi gwanin garawa ba, zubar da yake yi ta tsayar, kuma ga mai irin dukansa hakan ya wadatar. Ko a tsakiyar wannan nasara, a gasar Houston ta ƙarshen Maris, ya kuskure daga kimanin ƙafa biyar a ramin ƙarshe, Stephan Jaeger ya tafi da kofi.

Ga mai wasa a nan gida

Wanda ke wasa a Kano ko Kaduna ko Rayfield ta Jos ko filin IBB na Abuja, ba lallai ne ya sami na'urar auna lilo ba, kuma sau da yawa abin da ya samu a gwanjo ko wanda wani ya kawo masa tsaraba shi ne a jakarsa. Duk da haka tsarin da lamarin Scheffler ya bi ba ya buƙatar na'ura, jerin matakan ne ke da muhimmanci.

A fara da tsawo da tsayuwa. Yawancin fotocin kanti inci 33 zuwa 35 ne, kuma mutane da yawa suna riƙe da wadda ta fi ƙarfin tsayinsu, sai su ja baya daga ƙwallo, hannu ya sauka, hanci ya ɗaga. Ka tsaya yadda ka saba, ka sa abokin wasanka ya durƙusa ya duba ko ƙasan kan ya kwanta a ciyawa daga dunduniya har hanci. Idan katin waya zai shige ƙarƙashin hancin cikin sauƙi, ba maganar sabuwar sanda ake yi ba tukuna. Fuskar fota tana da ɗan jingina na digiri uku ko huɗu, kuma idan hanci ya ɗaga, wannan jinginar tana karkatar da ƙwallo hagu ga mai bugu da dama, ko da saitinsa daidai ne.

Bayan wannan sai a duba inda ƙwallo ke taɓa fuska. Ka shafa alli ko hoda a fuskar, ka gara goma daga nisa, ka dubi tabon. Idan ya taru wuri ɗaya a tsakiya, siririya ba za ta cuce ka ba. Idan ya warwatsu, faffaɗan kai zai taimaka, musamman wajen kai ƙwallo daidai nisa. Sannan a ajiye sanda biyu a ƙasa kamar layin dogo, a yi lilo a tsakaninsu, wani ya ɗauki bidiyo da waya daga baya. Nan za a ga ko lilon miƙaƙƙe ne ko mai baka, sai a gwada shi da abin da yatsa ya nuna game da rinjayen hancin sandar. Mai bugu da dama da ƙwallonsa ke yawan wucewa ta dama, mai yiwuwa fuskar ba ta rufewa da wuri, sai ya gwada wadda rinjayenta bai kai na tasa ba. Mai yawan ja hagu ya gwada akasin haka. Gwaji ne, ƙwallo ce za ta ba da amsa, kuma a yi shi a irin filin da ake wasa kullum, don ciyawa mai kauri a damina ko filin yashi ba sa karɓar ƙwallo kamar girin filin Augusta, inda ake gasar Masters.

Kasuwa ma ta ƙaro wani rukuni. Akwai fotocin da aka ƙera don fuskarsu kada ta nemi murɗewa ko kaɗan, irin na kamfanin L.A.B. Golf, wadda J.J. Spaun ya jefa ƙwallo daga ƙafa 64 da ita a ramin ƙarshe ya ci US Open ta 2025 a Oakmont. Ga wanda hannunsa ke yawan wasa da fuska, abin a gwada ne. Doguwar sanda kuma har yanzu halal ce, abin da aka haramta tun 1 ga Janairun 2016 shi ne jingina ta da ƙirji ko ciki.

Shi Scheffler bai bi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Raunin da ya rage masa bayan 2024 na gajerun bugu ne, kuma a wannan karon bai taɓa sandar ba. A Disamban shekarar, a gasar Hero ta Bahamas, ya fito da sabon riƙo da shi da Kenyon suka daɗe suna shiryawa: a kusa da rami hannun dama ba ya damƙe mariƙi, yatsu ne kawai ke dafe da shi ta gefe, don kada ya murɗa fuska. Idan nisa ya yi yawa sai ya koma riƙonsa na da. Ya ci gasar da bugu shida. A 2025, da Spider ɗin nan mai wuyan Anser, ya ci PGA Championship a Quail Hollow da bugu biyar, ya ci Open a Royal Portrush da bugu huɗu, ya kuma ƙare kakar a matsayi na 22 a lissafin garawa.